Yadda Za Ku Tsara Wasan Kotu a Taron Sallah Ba Tare da An Tashi Baram-Baram Ba

Tambaya: Ni ne sakataren ƙungiyar matasan garinmu a ƙasar Ringim. Duk shekara washegarin Babbar Sallah mukan haɗu, mu kusan talatin, a filin makarantar firamare, a ci nama a yi hira a watse. Bana muna son mu yi wasan kotu irin wanda na gani a waya Turawa suna yi a tarukansu, wani ya zama alƙali, wasu lauyoyi, wasu kuma shaidu. Yaya ake tsara shi, kuma ta yaya za mu yi shi ba tare da wani ya ji haushi ba?

Amsa: Ɗana, na ji daɗin wannan tambaya, domin na yi shekaru masu yawa ina aikin magatakarda a kotun shari'a, kuma tun da na ajiye aiki nake taimaka wa ɗalibai da ƙungiyoyin matasa wajen shirya irin wannan wasa. Abin da zan fara gaya maka, wanda duk sauran bayanin ya rataya a kansa, shi ne ku ɗauko tsarin zaman daga kotun gaske ba tare da ragi ba, amma ƙarar da za a saurara ta zama ƙagaggiya tun daga tushe har reshe, ta yadda babu mutum ɗaya a wurin da za a gurfanar da sunansa ko da halinsa na gaskiya. Idan kun kiyaye wannan, za a yi dariya har a riƙe ciki, kuma kowa ya koma gida da abin da ya koya. Idan kuka juya lamarin, wato kuka yi sakaci da tsari kuka kawo ƙorafin gaske, to kun haɗa faɗa da hannunku.

Wasan ba baƙo ba ne a wurinmu kamar yadda kake zato. Kafin zuwan waya da talabijin, samari da 'yan matan karkara sukan yi kalankuwa bayan an kawar da amfanin gona, inda akan naɗa wannan sarki, wancan alƙali, wasu kuma 'yan doka, a kamo mai laifin wasa a yi masa shari'a jama'a suna dariya. A gidajen sarauta akwai wasan gauta, inda mata suke kwaikwayon sarki da fadawansa, ga kuma tashe da yara suke fara yi idan azumi ya kai kwana goma. Abin da wasannin da ka gani a waya suka ƙara a kan namu shi ne rubutacciyar rawa da kuma sirri, wato a ba kowane ɗan wasa takarda mai ɗauke da abin da shi kaɗai ya sani. Wanda ya fi shahara a wannan fanni shi ne wasan Mafia, wanda wani ɗalibin ilimin halayyar ɗan Adam mai suna Dimitry Davidoff ya ƙirƙiro a Jami'ar Mosko ta Rasha a 1986, inda jama'a suke tuhumar juna suna jefa ƙuri'a har su gano masu laifin da suka ɓuya a cikinsu. Su ma masu koyon aikin lauya, a jami'o'inmu da makarantar lauyoyi ta Bagauda, da shari'ar gwaji suke horar da bakinsu kafin su tsaya gaban alƙalin gaske. Saboda haka abin da za ku yi haɗin gambiza ne mai kyau: raha irin ta kalankuwa, sirri irin na wasannin zamani, tsari kuma irin na kotu.

Mu fara da ƙarar, domin ita ce uwar wasan, kuma a nan ne na ga an fi yin kuskure. Wata shekara an gayyace ni wani ƙauye inda matasa suka shirya irin wannan zama ba tare da sun rubuta komai ba. Da aka zauna, sai mai gabatar da ƙara ya kira wani saurayi da ainihin sunansa, ya ce ana tuhumarsa da sakin awakin gidansu su cinye waken maƙwabci. An yi dariya ta ɗan lokaci, amma ashe abin ya faru da gaske a daminar da ta wuce, kuma an danne maganar ne kawai saboda kunyar manya. Ina kallon fuskar yaron tana sauyawa, yana murmushin yaƙe yana murza hularsa a hannu, har wani shaida ya faɗi adadin kunyoyin da awakin suka ɓata, adadin da babu mai saninsa sai wanda ya je gonar. Nan take yayan saurayin ya miƙe daga cikin 'yan kallo ya ce idan magana ake so a fito a yi ta a fili. Allura ta tono garma, aka kwana a ƙofar gidan mai unguwa, kuma gidajen nan biyu sun daɗe ba su koma gaisawa kamar da ba. Babu wanda ya yi nufin sharri a cikin masu shirya wasan, amma a ƙauye kowa ya san kowa, kuma duk wata tuhuma da ta yi kama da gaskiya za a ɗauke ta a matsayin habaici.

Don haka ku naɗa mutum biyu, kai da wani mai sanyin kai, ku rubuta ƙararrakin tun da sauran kwanaki, kuma kowace ƙara ku auna ta da tambaya guda: shin akwai wanda wannan ya taɓa faruwa da shi a garin nan? Idan akwai, ko da shekara goma ce ta wuce, ku jefar da ita. Ku nisanci rikicin iyakar gona, rabon gado, bashi, neman aure da aka fasa, siyasar jam'iyya, da ɓarnar shanu a gonaki, domin wannan ta ƙarshe a yankinmu na Jigawa magana ce da ta sha jawo asarar rayuka, ba abin raha ba ce. Kowane ɗan wasa a ba shi laƙabin rawarsa, kamar Ɗan Aike ko Mai Gayya, kuma a cikin zaman kada a kira shi da wani suna sai wannan.

Bari in ba ka misalin ƙarar da na sha amfani da ita, domin ka ga yadda ake gina ta. Mai Gayya ya tara mutane noman gero, uwargidansa ta dama fura cike da babbar ƙwarya ta ba Ɗan Aike ya kai gona. Ɗan Aike ya ajiye ƙwaryar a gindin tsamiya da hantsi, ya rufe ta da faifai, amma da manoma suka zo sha sai suka tarar saura rabi. Mai Gayya ya kai ƙara yana cewa Ɗan Aike ne ya shanye, shi kuwa ya musanta. Wannan shi ne abin da magatakarda zai karanta kowa ya ji. Sauran labarin yana cikin takardun sirri, kuma takardar kowane shaida tana da kashi uku: abin da ya gani wanda zai faɗa da kansa, abin da bai gani ba wanda bai kamata ya yi da'awar saninsa ba, da kuma wani abu guda da ba zai faɗa ba sai idan an tambaye shi kai tsaye. Shaidar farko ta mai ƙara ya ga Ɗan Aike yana goge baki da hannun riga, amma abin da yake ɓoye shi ne ya gan shi yana cin ɗanyar gyaɗa a hanya. Shaida ta biyu ya ce yana zaune a inuwar tsamiyar ta ɓangaren gabas, ya ga yaron ya ɗaga faifai. Shaidar wanda ake ƙara, mai kiwon awaki, ya ga ɗan akuya yana shawagi a wurin, kuma abin da yake ɓoye shi ne ɗan akuyar nasa ne. Ta huɗu ita ce mai ƙwaryar, wadda idan an matsa mata za ta amsa cewa ƙwaryar tana da tsaga da aka ɗinke tun bara.

Ka lura da shaida ta biyu, domin a nan daɗin wasan yake. Da hantsi rana tana gabas, inuwar itace kuwa yamma take faɗawa, saboda haka wanda ya ce yana zaune a inuwa ta ɓangaren gabas a wannan lokaci, ko dai ya manta inda ya zauna, ko ya manta lokacin, ko kuma bai je wurin ba sam. Ba za ku faɗa wa lauyan wanda ake ƙara wannan ba, shi zai gano da kansa. Na taɓa ganin wani ɗalibin sakandare, yaro mai shiru-shiru wanda ba a cika jin muryarsa ba, ya tsaya ya tambayi shaidar sau biyu a natse ko ya tabbata gabas ya zauna, sannan ya juya ga jama'a ya ce duk wanda ya taɓa kai abinci gona ya faɗi inda inuwa take da hantsi. Filin gaba ɗaya ya ɗauki sowa. Kowace ƙara da za ku rubuta ku saka mata irin wannan ɓaraka guda ɗaya ko biyu, wadda za a iya ganowa da sanin da kowane ɗan ƙauye yake da shi: ranar da kasuwa kaza take ci, watan da ake yankan riɗi, ko ana ganin wata a daren da aka ambata. Ita kuwa ainihin gaskiyar abin da ya faru, ku rubuta ta a takarda daban ku liƙe a ambulan, ku ajiye a gaban alƙali, kada shi ma ya san abin da ke ciki.

Wani zai ce ai wannan koya wa yara shaidar zur ne, kuma damuwarsa tana kan hanya, domin shaidar zur tana cikin manyan zunubai. Shawarata ita ce ku rubuta shaidar a matsayin mai kuskure, ba maƙaryaci ba, wato mutumin da ya ga wani abu daga nesa ya cika sauran da zato. Wannan ya fi tsafta ta fuskar addini, kuma ya fi kusa da abin da na gani a aiki, domin da yawa daga cikin shaidun da maganarsu ta rushe a gabana ba da niyyar ƙarya suka zo ba, sun dai gaskata abin da idonsu bai gama gani ba.

Game da rabon aiki, mutum talatin sun isa har da ragi. Kuna buƙatar alƙali, da muhuti wanda zai zauna kusa da shi yana ba shi shawara, da magatakarda mai karanta ƙara da rubuta maganganu, da masinja mai kiran shaidu da tsawatar wa masu surutu, sai mai ƙara da wanda ake ƙara, lauya ɗaya ga kowane ɓangare, da shaidu huɗu. Mutum goma sha biyu ke nan. Sauran kada ku bar su a matsayin 'yan kallo kawai, domin wanda ba shi da aiki shi ne yake fara jifa da baƙar magana. Ku mai da su majalisar yanke hukunci, ku ba kowa ƙwayar masara ɗaya, a ajiye ƙore biyu a bayan allo, ɗaya ta kamawa ɗaya ta wankewa, kowa ya je ya jefa ba tare da an ga inda ya saka ba. Ya kamata ku gaya wa jama'a cewa wannan ɓangaren aro ne. A Amurka da Ingila ne ake tara mutanen gari, galibi goma sha biyu a manyan laifuka, su yanke ko mutum ya aikata ko bai aikata ba. A kotunanmu kuwa, daga kotun shari'a da ta majistare har babbar kotun jiha, alƙali ne yake auna shaida kuma shi yake yanke hukunci. Na fi son a faɗi wannan a fili, don kada yaro ya tashi da zaton haka ake yi a Dutse ko Kano.

Wajen zaɓen wanda zai hau kowace kujera, ku yi la'akari da dangantaka fiye da iya magana. Kada ku sa mutum ya titsiye surukinsa da tambayoyi, ko ƙane ya yanke wa yayansa hukunci a zaman farko, ko wanda ake kunyarsa ya tsaya a matsayin wanda ake tuhuma, domin ko dai kunya ta kashe wasan ko kuma a ce an yi rashin ladabi. Waɗanda suka fi dacewa su zama lauyoyin ɓangarori biyu su ne taubasai, saboda al'ada ta riga ta ba su lasisin tsokanar juna, kuma duk abin da suka faɗa ba a riƙe shi a zuci. Idan a cikinku akwai Bafulatani da Babarbare, ko Bakano da Bazazzagi, to kun sami abin da kuke nema. Wanda ake ƙara kuwa ya zama mutum mai farin jini da faɗin ƙirji, wanda ya amince da rawar da bakinsa. Kada a ɗora ta a kan wanda dama aka saba yi wa dariya a gari, ko mai wata lalura, ko wanda ya fi kowa ƙaramin ƙarfi, domin aya ta 11 a Suratul Hujurat ta hana wasu mutane su yi wa wasu izgili, ta kuma hana jifan juna da miyagun laƙubba, kuma sunan wasa ba ya ɗauke wannan hani. Alƙali ya zama wanda ya fi kowa iya riƙe dariyarsa, domin gwargwadon yadda ya ɗaure fuska a kan maganar rabin ƙwaryar fura, gwargwadon yadda jama'a za su ƙyalƙyale.

Yanzu ga yadda zaman yake tafiya. Masinja zai daka tsawar “Kotu!” kowa ya miƙe, alƙali ya shigo ya zauna. Magatakarda ya karanta ƙara, a tambayi wanda ake ƙara ko ya ji kuma ya fahimta, sannan ko ya amsa ko ya musanta. Idan ya musanta, nauyin kawo hujja yana kan mai ƙara, kuma a nan ina so alƙalin wasa ya tsaya ya faɗa wa jama'a dalili da bakinsa. Hadisi ya tabbatar da cewa hujja tana kan mai da'awa, rantsuwa kuma tana kan wanda ya musanta, sannan sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowa haƙƙin a saurare shi da adalci, ya kuma ce duk wanda ake tuhuma da laifi ana ɗaukarsa marar laifi har sai an tabbatar da laifin a kansa. Mutanenmu da yawa suna zuwa kotu da zaton wanda aka kawo ƙara shi ne zai wanke kansa, kuma na ga yadda wannan zato yake sa mutum ya rikice ya amsa abin da bai yi ba. Idan matasa talatin suka bar filin nan sun san wannan kaɗai, wasan ya biya kuɗin sabulu.

Bayan haka lauyan mai ƙara zai kira shaidunsa ɗaya bayan ɗaya. Sauran shaidu a fitar da su nesa inda ba za su ji ba, kamar yadda ake yi a kotun gaske, domin idan suka ji maganar juna za su daidaita bakinsu ɓarakar ta toshe. Wanda ya kira shaida ba ya saka masa magana a baki; zai ce “me ka gani?” ba zai ce “ai ka ga ya sha, ko ba haka ba?” Lauyan ɗaya ɓangaren ne yake da damar yin irin wannan tambaya idan aka miƙa masa shaidar, domin aikinsa shi ne suka. Shaida kuma ya faɗi abin da ya gani ko ya ji da kunnensa, ba abin da aka ce an ce ba. Duk lauyan da ya ga an karya ɗaya daga cikin waɗannan ƙa'idoji zai miƙe ya ce “Allah ya gafarta malam, ina da suka,” alƙali ya karɓa ko ya yi watsi da ita. Ku ƙayyade wa kowane lauya suka uku kacal a ƙara ɗaya, in ba haka ba za a wuni ana miƙewa ana zama.

Idan an gama da shaidun ɓangarorin biyu, akwai wani mataki da nake roƙon kada ku tsallake shi, wato i'izari. Kafin alƙalin shari'a ya yanke hukunci, wajibi ne ya tambayi masu shari'a ko akwai sauran wata hujja ko magana da ta rage musu, kuma kotunan sama sun sha rushe hukunci saboda rashin yin wannan tambaya. A wasa, i'izari shi ne lokacin da wanda ake ƙara yake samun minti ɗaya ya yi magana da bakinsa ba tare da an katse shi ba, kuma sau da yawa a nan ake jin mafi daɗin zance a duk daren. Haka nan alƙali ya kula da zaman ɓangarorin biyu, ya ba su tabarma iri ɗaya da lokaci iri ɗaya. Wannan yana cikin wasiƙar da Sayyidina Umar ya rubuta wa Abu Musa al-Ash'ari, inda ya umarce shi ya daidaita tsakanin mutane a fuskarsa da mazauninsa, domin kada babba ya sa rai za a karkata gare shi, kada kuma mai rauni ya fid da tsammanin adalci.

Lokaci kuwa a riƙe shi da agogon waya a hannun magatakarda: minti biyu ga kowane lauya ya buɗe, minti uku ga kowane shaida har da sukarsa, minti biyu-biyu na rufewa, sai i'izari da jefa masara. Ƙara ɗaya ba za ta wuce rabin awa ba, kuma uku sun isa tsakanin La'asar da Magariba, ana sauya masu rawa bayan kowace ƙara.

Idan an ƙirga masara alƙali ya bayyana hukunci, sai a buɗe ambulan. A ƙarar fura, abin da na saba rubutawa shi ne ɗinkin ƙwaryar ne ya saki, furar ta tsiyaye ƙasa ta shanye, ɗan akuya kuma lasar wurin kawai ya zo yi. Wani lokaci majalisa takan wanke Ɗan Aike, wani lokaci kuma takan kama shi saboda lauyan mai ƙara ya fi iya baki, kuma a ganina zaman da aka kama marar laifi ya fi amfani, domin shirun da yake biyo bayan buɗe ambulan darasi ne da ba a mantawa. Hausawa suna cewa shari'a mace ce da ciki, ba a san abin da za ta haifa ba. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya faɗa a hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito daga Ummu Salama cewa wataƙila wani ya fi wani iya tsara hujjarsa, a yanke masa hukunci bisa abin da aka ji, to wanda aka yanka wa haƙƙin ɗan'uwansa kada ya karɓa, domin yankin wuta ne. Ku ba lauyan da ya yi nasara makinsa, amma ku ba da maki mafi yawa ga wanda ya gano ɓarakar da aka ɓoye, don kada a tashi da tunanin iya surutu shi ne gwaninta.

Hukuncin wasa ya zama mai sauƙi wanda shi kansa wanda aka yanke wa zai yi dariya: ya kawo karin magana biyar a jere, ya warware kacici-kacici, ya zuba wa majalisa ruwan sha, ko ya share inda aka zauna. Ban yarda da tara ta kuɗi ba, domin tana kunyata marar shi, kuma idan aka fara sa kuɗi a kan wa zai ci wa zai faɗi an kama hanyar caca. Ban yarda da bulala ko tsallen kwaɗo ko ɗaure mutum da igiya ba, ko da ya ce ya yarda. Wanda ya kawo ƙara ya faɗi, shi ma a yanka masa irin wannan hukunci.

Akwai abubuwa uku da ba sa shiga wasa ko kaɗan, kuma ina so ka karanta wa jama'a su kafin a fara. Na farko rantsuwa: kada a kawo Alƙur'ani, kada a ce wallahi ko billahi, domin sunan Allah ba kayan raha ba ne, kuma shaidar wasa zai faɗi abin da bai faru ba. Ya isa shaida ya ce ya yi alkawarin faɗin abin da ke cikin takardarsa. Na biyu ƙarar aure da saki. Matasa suna son ta saboda ita ce aka fi ji a kotunan shari'a, amma hadisin da Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito ya ce abubuwa uku gaskensu gaske ne, wasansu ma gaske ne: aure, saki da kome. Magidanci ba ya wasa da kalmar saki a bakinsa, kuma uba ba ya cewa ya ba wane 'yarsa a gaban shaidu da sunan raha. Na uku duk wata tuhuma da ta taɓa mutuncin mace ko nasabar mutum, domin aya ta 4 a Suratun Nur ta yanka bulala tamanin ga mai ƙazafi, kuma irin wannan magana idan ta fita ba ta komawa. Zan ƙara da zargin maita da na sata a kan sunan gaske, domin a karkara waɗannan kalmomi suna bin mutum har 'ya'yansa.

Sauran abubuwan ƙanana ne amma suna hana matsala. Ku sanar da mai unguwa ko dagaci, ku nemi izinin shugaban makarantar da za ku yi amfani da filinta. Kada kowa ya ari kakin ɗan sanda na gaske, domin shigar burtu da kayan jami'in hukuma laifi ne a dokar ƙasa. Jan ƙyalle a kafaɗa ya ishi masinja, rawani da babbar riga sun ishi alƙali. Idan 'yan'uwanku mata suna so, a ba su kwafin ƙararrakin su yi nasu zaman a cikin gida, alƙaliyarsu da lauyoyinsu daga cikinsu, kuma ƙarar fura ta fi armashi a hannunsu saboda sun fi mu sanin ƙwarya. Batun ɗaukar bidiyo kuwa ku yi masa ƙa'ida tun farko, domin guntun da aka yanko na daƙiƙa talatin, inda ake ce wa mutum kai ne ka shanye, idan ya shiga WhatsApp ko TikTok ba ya tafiya da bayanin cewa wasa ne. Mutum ɗaya ya ɗauka, kuma kada a tura wa kowa sai waɗanda suka fito a ciki sun gani sun amince.

Alƙali yana da iko guda da ya fi duk sauran muhimmanci, wato ɗage zama. Da zarar ya ga fuskar wani ta sauya, ko wani ya fara kawo maganar da ba ta cikin takarda, ya buga tebur ya ce an ɗage shari'a, a sha ruwa, a shiga ƙara ta gaba da sababbin mutane, ba tare da an tsaya bincika wa ya fara ba. Wanda kuma bai gamsu da hukuncin da aka yi masa ba, a rubuta cewa ya ɗaukaka ƙara, a ajiye takardun a wurinka har taro na gaba, a saurare ta a gaban mutum uku daga cikin dattawan ƙungiya. Ka fara rubuta ƙararrakin tun yanzu, ka gwada kowace ɗaya da mutum biyu da ba za su fito a cikinta ba don ka ga ko ɓarakar tana ganuwa, kuma ku gama liƙe ambulan kafin ranar Arfa, domin ranar Sallah yanka da rabon nama ba za su bar ku ku riƙe alƙalami ba.